A Bar Yara Su Yi Gini

Jama'ar Hindawiyya,

Tun da aka yi rusau a unguwarmu da Sabil da Karantina tsakanin 2021 da 2022, muka watsu cikin gidajen bene, yaranmu ba su da ƙasar da za su taɓa, sai waya. Alhali kakanninmu a Kano da Katsina da yumɓu suka yi wasa, suna gina shanu da tukwane, hannu yana koyon aiki tun kafin allo. A ganinmu lalle mu mayar wa yara wannan.

Abin ba wuya. Garin alkama kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kofi 1, mai cokali 2, a cuɗa. Zoɓo ya ba da ja, kurkum rawaya, ruwan wardi na Ɗa'ifa ko kanumfari ya ba da ƙamshi. Play-Doh na kanti, wanda aka fara sayarwa don wasan yara a Amurka a 1956, shi ma tushensa gari ne da gishiri da ruwa.

Waɗansu dattawa sun ce wasa da abinci almubazzaranci ne. Maganarsu abar dubawa ce, amma curi ɗaya in an rufe shi a gwangwani yakan yi makonni, ba a banza ya tafi ba. Sai dai a kula: ƙamshi yakan sa ƙaramin yaro ya kai baki, gishirin kuwa yana da yawa, yana cutarwa. Kada a ba na goye.

Uwa ta zauna da su, ta ce ga raƙumi, ga turmi, da Hausa, gama harshenmu ma yana neman wurin zama.

Allah ya raya mana zuriya, amin.