Kitsen Jini na Gado: Ramamme Ma Bai Tsira Ba

A makarantar nan, in aka ce kolestarol, wanda ke faɗo wa mutane a rai shi ne Alhaji mai tumbi da ba ya kwana sai ya ci balangu. To ni shekaruna 22, nauyina bai kai kilo 60 ba, amma kullum da dare sai na haɗiyi ƙwayar sitatin. Ba nama ne ya jawo min ba. Gadonsa na yi.

Ga yadda abin yake. Yawancin kitsen da ke yawo a jini jikinmu ne da kansa yake haɗa shi, kuma hanta ce ke kwashe mugun cikinsa, wanda likitoci ke kira LDL, ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikinta. Mu masu na gado, kusan rabin ƙofofin nan ba sa aiki tun daga haihuwa. Sai kitsen ya riƙa taruwa a bangon hanyoyin jini, shekara da shekaru, ba zazzaɓi ba ciwon kai, har ranar da hanyar zuciya za ta toshe. Wasu likitoci biyu 'yan Amurka, Brown da Goldstein, su suka gano ƙofofin, aka ba su kyautar Nobel a 1985.

Kuma ba cuta ce ta ɗaiɗaiku ba fa. A duniya ana ƙiyasta mutum 1 cikin kusan 250 na da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Wato in ɗalibai 1,000 suka cika ɗakin taro, za a iya samun huɗu a ciki. In uwa ko uba na da ita, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsira. In kuwa duka biyun suna da ita, abin da auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa, yaro kan iya gadowa ta ɓangare biyu, zuciyarsa ta soma ciwo kafin ya kai shekara 20.

A Babban Mutum inda na fito, in magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan kai ya yanke jiki ya faɗi a gona, cewa ake ajali ne, wasu su raɗa cewa jifa aka yi masa. Ajali gaskiya ne, ba wanda ya musa. Amma in wa ya tafi haka, ƙane ya bi shi haka, kawu ma haka, wallahi rashin tambaya ba tawakkali ba ne, sakaci ne. Mu da aka turo boko, mu ya kamata mu yi tambayar. In ka je gida hutun sallah, zauna da Inna ko Baffa ka ji: su waye suka rasu farat ɗaya kafin su tsufa, kuma ta wane ɓangare? Duba ko akwai mai kumburi mai tauri a agarar ƙafa, ko ɗigon rawaya a fatar ido, ko farin zobe kewaye da baƙin ido tun yana matashi.

Gwajin jini guda ne, ana ce masa lifid furofayil. Babba in LDL ɗinsa ya kai 190 mg/dL, sai a zargi na gado, a gwada iyaye da 'yan'uwa duka. Rage man shanu da kitsen tsire yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya isa, tazargade da zogale ma ba za su buɗe ƙofar hanta ba. Sai magani, kuma likita ne zai rubuta. 'Yan'uwa mata, in ana shirin ɗaukar ciki a gaya wa likita, don galibi akan dakatar da sitatin a lokacin.

Mun riga mun saba da gwajin sikila kafin aure, har Kano ta mayar da shi doka a 2024. Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai: ranar 24 ga Satumba ce ranar wayar da kai kan wannan cuta. Ku nemi asibitin makaranta ya yi mana gwajin a farashi mai sauƙi a makon, a fara da waɗanda aka taɓa yin mutuwar fuji'a a gidajensu.