Zafi da ƙarar kwamfutar haɗin gida: shawara ga mutanen Magarya da Dungas

 

A yau za mu leƙa kudancin jahar Damagaram, wato ƙasar Magarya da ta Dungas, wadda aka yanka daga Magarya ta zama gunduma a shekarar 2011. Wanda duk ya san wannan yanki ya san cewa Kano ta fi masa Yamai kusa. Saboda haka ne samari masu hikima kan bi ta Tinkim da Baɓura, ko kuwa ta Maigatari, su sauka titin Bairut na birnin Kano, su tsinto kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, sabo da na gwanjo, su dawo gida su harhaɗa. Irin waɗannan na'urori ne ake buga takardu da su a shagunan da ke kewaye da ma'aikatar magajin gari, da su ne wasu ƴan kasuwa ke riƙe lissafin bashi da na hajja, kuma da su ne ma'aikaci ke ƙarasa aikin buro a gida. To amma kuka biyu ne ba sa ƙarewa a bakin masu su: na'ura ta yi zafi har ta ɗauke, ko kuma ta cika ɗaki da ƙugi kamar injin niƙa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, kukan nan biyu uwarsu ɗaya. Wutar da kwamfuta ke sha, kusan dukkanta zafi take komawa. Na'urar da ke jan wat 200 tana fitar da kashi ɗaya cikin biyar na zafin dutsen guga mai wat 1000, kuma ba ta hutawa. Fankokin da ke cikinta su ne ke korar wannan zafi waje. In zafi ya ƙaru sai su ƙara gudu, in sun ƙara gudu sai ƙara ta ƙaru. Ke nan wanda ya rage zafi ya rage ƙara.

Sa'an nan a tuna cewa manyan kamfanoni irin su Dell da HP, a takardunsu, yawanci digiri 35 ne iyakar zafin ɗakin da suke yarda kwamfutar buro ta yi aiki a ciki. Mu kuwa a nan, daga watan Afrilu zuwa Mayu, ma'auni kan haura 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano da tsakar rana. Fanka ba ta iya sa na'ura ta fi iskar ɗaki sanyi. In ɗaki ya ƙaru da digiri goma, ƙwaƙwalwar na'ura ita ma ta ƙaru da kusan goma. Ƙwaƙwalen Intel da na AMD na zamanin nan, in sun kai wajen digiri 95 zuwa 100, sukan rage saurinsu da kansu don kada su ƙone, in abin ya faskara su kashe kansu ɗungurungum. Wanda ya ga kwamfutarsa tana sauri da safe, tana jan ƙafa bayan azahar, to ba aljani ba ne, zafi ne.

Saboda haka gyara na farko ba ya cin ko dala, wato zaɓen mazauni. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na kwano sanyi da rana. Kada a ajiye akwatin na'ura a ƙasa, inda ƙura ke kwanciya, kada kuma a cusa shi cikin kabad ko a manna shi da bango. A ɗora shi a kan tebur, a bar masa kamar taƙi guda ta baya da ta gefe. Akwai wata al'ada a buro-buro ta lulluɓe na'ura da ƙyalle don gudun ƙura. Wannan daidai ne in an kashe ta, amma lulluɓe ta tana aiki kamar rufa wa mai zazzaɓi bargo ne a watan bazara.

Na biyu shi ne ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauko ƙura mai laushi kamar garin tuwo, ta shige tsakanin haƙarƙarin ƙarfen alminiyam da ke zaune bisa ƙwaƙwalwa, ta toshe shi har iska ta kasa ratsawa. Ga yanar gizo-gizo, ga zanzaro da kan yi gini a ramukan iska. A ƙasa irin tamu, ya kamata a buɗe akwati a share aƙalla sau ɗaya a wata biyu, da hunturu kuwa kowane wata. A kashe na'ura, a zare wayar kuran, a fita da ita waje. Kafin a taɓa komai a ciki, a dafa ƙarfen akwatin da hannu, domin a lokacin hunturu jiki kan tara wata ƴar wuta, irin wadda ke sa riga ƙyas-ƙyas in an tuɓe ta da dare, kuma ta isa ta kashe allon na'ura. A yi amfani da buroshi mai laushi da famfon keke. A riƙe fukafukan fanka da yatsa yayin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da kima. A guji injin iskar masu facin taya, don yakan feso ruwa da mai. Tukunyar wuta kuwa, wato akwatin nan da wayar kuran ke shiga, a hura ta daga waje kawai. Kada a kwance ta, saboda tana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya.

Na uku shi ne hanyar iska. Akwatin kwamfuta kamar zaure ne mai ƙofa biyu: iska ta shigo ta gaba, ta fita ta baya da ta sama, tunda iska mai zafi sama take yi. Sau da yawa mai haɗawa kan juya fanka baibai, sai fankoki su yi ta kokawa da juna. A duba gefen fanka, galibi akwai ƴar kibiya mai nuna inda iska ta nufa. A ɗaure wayoyin ciki wuri ɗaya don kada su tare hanya. In iskar da ke shiga ta ɗan fi wadda ke fita yawa, kuma an sa rariya mai laushi a ƙofar gaba ana wanke ta kowane mako, ƙura ba za ta samu kutsawa ta tsagogi ba. Game da girma, fanka mai santimita 12 ta fi mai santimita 8, domin tana tura iska daidai da ita alhali tana juyawa a hankali, shi ya sa ba ta da hayaniya. Masu cire murfin gefe su kunna wa na'ura fankar tebur sun samu sauƙin yini ɗaya, amma sun buɗe wa ƙura da ɓera da yatsun yara ƙofa.

Na huɗu shi ne man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke sanyaya ta. Bayan ƴan shekaru yakan bushe ya zama kamar alli, musamman a kayan gwanjo. A goge tsohon da alkol na kantin magani, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure kusurwoyinsa huɗu daidai wa daida. Man goge haƙori ko giris na babur ba sa maye gurbinsa.

Na biyar shi ne saye da hankali, don araha ba ta ado. Mai buga takardu da lissafi ba ya bukatar ƙwaƙwalwa mai wat 125. Mai wat 65 ta ishe shi. Ba ya kuma bukatar katin hoto na masu wasanni, wanda shi kaɗai kan sha wat 200 ko fiye. A nemi tukunyar wuta mai tambarin 80 Plus, ma'aunin da aka fito da shi a 2004, mai nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta sha na isa ga na'ura. Tun lokacin da Najeriya ta yanke wa ƙasarmu kuran, daga watan Agusta na 2023 zuwa farkon 2024, mutane da dama sun koma ga hasken rana da injin wuta, sun kuma gane cewa kowane wat kuɗi ne. Wanda ke da hali ya haɗa da ondiler, domin ɗaukewar wuta ba zato tana lalata aiki da faifai. Sanyaya na'ura da ruwa kuwa, wanda ake tallarsa a intanet, shi ma ba ya sauka ƙasa da zafin ɗaki, kuma in famfonsa ya mutu a Wacha ko Mallawa, samun madadinsa sai an yi tafiya.

A ƙarshe, a koyi sauraron na'ura, don kowace ƙara da ma'anarta. Shuuu na iska lafiya ne. Gurnani alamar fanka ce da ta gaji, a canza ta. Karkarwa kuwa noti ne ya kwance, ko akwati bai zauna daidai ba. A ɗaure, a sa masa guntun robar taya a ƙarƙashi. Amma in aka ji ƙas-ƙas daga faifan ajiya, wanda ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, to wannan ba ƙarar da za a yi haƙuri da ita ba ce, faifan ne ke ban kwana. A kwashe abin da ke ciki a ranar, a sa faifan SSD, wanda ba shi da abin juyawa, ba ƙara, zafinsa kuma kaɗan ne. Mai son ganin zafin na'urarsa da idonsa yana iya shiga BIOS yayin kunnawa, ko ya sa manhajar HWMonitor ta kyauta. In ya ga digiri 90 alhali rubutu kawai yake yi, gyara ya wajaba.

Alhaji ɗan kasuwa, malam ma'aikaci, fanka da ƙwaƙwalwa ana sayensu a kasuwa, amma sunayen masu bashi na shekara uku da takardun jama'a da aka ba ku amana ba a sayar da su a ko'ina. A riƙa kwafe su a wani faifai na dabam kowace Juma'a, a ajiye shi a wani ɗaki. Rigakafi ya fi magani.