Ƙaramar kwamfuta da wutar da take bukata

Akwai wata kwamfuta da ba ta wuce faɗin katin banki ba, sunanta Raspberry Pi. Wata gidauniya ce a birnin Kambirij na Ingila ta fito da ita a 2012, a kan dala 35, domin yara su koyi sarrafa kwamfuta. A ƙauye irin Amarawa, kusa da Illela a kan iyakarmu da Nijar, inda intanet ke da tsada, ina ganin amfaninta ya wuce haka. Da manhaja irin Kiwix ana iya zuba mata Wikipedia, har ta Hausa, ɗalibai su karanta daga wayoyinsu ba tare da sayen data ba.

Sai dai abin da ya fi kashe irin wannan na'ura a wajenmu shi ne wutar da ake ba ta. Raspberry Pi 4 na son bolt 5.1 da amfiya 3, ta kafar USB-C. Ta biyar, wadda ta fito a 2023, na iya neman amfiya 5. Cajar waya ta kasuwa, wadda aka rubuta mata abin da ba ta iya bayarwa, takan kasa. Siririyar igiya ma tana cinye wani ɓangare na ƙarfin kafin ya isa. Da zarar wutar ta sauka ƙasa da bolt 4.63, na'urar takan yi gargaɗi, ta rage saurinta. Mutane da yawa ba sa kula da wannan alama, tunda kwamfutar na ci gaba da aiki.

Babban haɗarin yana kan katin ajiya. Duk abin da na'urar ta sani a cikin wannan ɗan katin yake. Idan wuta ta ɗauke daidai lokacin da take rubutu a kai, katin na iya lalacewa, gobe a kunna ta ƙi tashi. Aikin wata guda na malami da ɗalibansa ya tafi ke nan, ba don wani abu ba sai don janareto ya ƙare mai. Saboda haka nake ganin ya kamata a ɗauki kashe ta ta hanyar umarni a matsayin doka, a kuma ajiye kwafin katin a wani wuri.

Ga masu sola, wanda shi ne abin dogaro a yankinmu, batirin da ake kira na bolt 12 kan haura 14 idan rana ta buɗe yana caji. Haɗa shi kai tsaye ƙona na'urar ne nan take. Sai an sa ƙaramar na'urar rage ƙarfin wuta a tsakani, a auna ta da mita a tabbatar ta tsaya a 5.1 kafin a jona, sannan a sa fis kusa da batirin. Wasu masu gyara kan kai wutar ta ƙananan allurori da ke jikin allon don guje wa kafar USB. Yana yiwuwa, amma yawancin waɗannan allurori bolt 3.3 kawai suke ɗauka, kuskuren layi ɗaya ya isa.

Fawa banki na taimakawa, sai dai wasu kan yanke wuta na ɗan lokaci idan aka sa su caji, kuma wannan ɗan lokacin ya isa ya kashe kwamfutar. A gwada kafin a dogara.

Sai zafi. A Afrilu ma'aunin zafi a Sakkwato kan wuce digiri 40, ita kuwa na'urar tana fara rage gudu a kusan 80. A bar mata hanyar iska, a nisantar da ita da batirinta daga ƙarƙashin kwano.