Masu Riƙe da Mabuɗin Ɗakin Gwaje-gwaje

A wajajen shekarar 1659, a birnin Oxford na Ingila, wani matashi mai suna Robert Hooke ya ƙera wa maigidansa Robert Boyle na'urar zuƙe iska daga cikin kwalba. Da ita aka yi gwaje-gwajen da suka ɗaukaka sunan Boyle, wanda har yau ɗaliban sakandare ke haddace dokar da ke ɗauke da sunansa. Hooke ya taki sa'a, domin daga baya ya yi nasa sunan. Sauran mataimakan Boyle kuwa, masu hura wuta da auna sinadarai da rubuta sakamako, yawancinsu ko sunayensu ba su shiga rubuce-rubucensa ba. A 1989 masanin tarihin kimiyya Steven Shapin ya yi nazari a kan waɗannan mutane, ya nuna cewa galibi ba a ambaton su sai gwaji ya lalace ana neman wanda za a ɗora wa laifi.

Wannan ɗabi'a tana nan da ranta a jami'o'in yau, kuma a cikinta ne ya kamata a nemi tushen damuwar da ke cin ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje: ma'aikatan fasaha, mataimakan bincike, da ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke wuni a kan teburin gwaji.

A farkon 2020 gidauniyar Wellcome ta Birtaniya ta fitar da sakamakon jin ra'ayin masu bincike sama da 4,000. Kashi 84 cikin 100 sun ce suna alfahari da aikinsu. Amma kashi 70 sun ce suna cikin matsin rai a ranar aiki ta yau da kullum, kashi 29 kacal ne suke jin aikin yana da tabbas, kashi 43 kuma sun ce an taɓa muzguna musu a wurin aiki. Alƙaluman ba su saɓa wa juna ba. Mutum yana iya son aikinsa ya kuma ƙi yanayin da yake yinsa a ciki. Haɗarin shi ne hukumomi kan ɗauki wannan so a matsayin shaidar cewa komai lafiya, alhali shi ne kaɗai abin da ke hana ma'aikacin ajiye mabuɗi ya tafi.

Masana halayyar aiki sun daɗe da bayyana yadda abin ke faruwa. A 1979 Robert Karasek ya nuna cewa yawan aiki yana zama cuta ne idan ya haɗu da rashin iko a kan yadda za a yi shi. A 1996 Johannes Siegrist ya ƙara da cewa lafiyar ma'aikaci tana taɓuwa idan ƙoƙarinsa ya rinjayi sakamakon da yake samu, kuma a wurinsa sakamako ya haɗa da albashi da girmamawa da damar ci gaba. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya faɗa cikin ramukan biyu. Shi za a tambaya idan na'ura ta tsaya, amma ba a nemi shawararsa ba ranar da aka saye ta. Shi ya kwana yana lura da gwaji, amma idan maƙala ta fito, da ƙyar a gode masa a layin ƙarshe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Najeriya nauyin ya ninka. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 domin duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya tarar da ɗakunan gwaji inda ake amfani da risho a maimakon murhun gas na gwaji, da wasu inda ake koyar da darasin aiki da baki kawai saboda babu kayan yi. Asusun TETFund ya sayo na'urori masu tsada tun daga lokacin, sai dai na'ura tana buƙatar sinadarai da kayan gyara da wutar da ba ta yankewa. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin Band A ya tashi zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, jami'o'i suka fara kukan ba za su iya biya ba. Idan aka ɗauke wuta da dare kuma babu man janareta, samfurin jini ko na ƙwayoyin cuta da aka tara wata da watanni a firiji yana iya lalacewa kafin asuba. Wanda zai buɗe firijin da safe ya fuskanci ɗalibin da aikinsa ya rushe shi ne ma'aikacin fasaha, wanda ba shi da ta cewa a kasafin man. Ko a 2022, lokacin da yajin aikin ASUU na wata takwas ya cika kafafen labarai, ƙungiyar ma'aikatan fasaha ta NAAT ma ta yi nata yajin, amma kaɗan ne suka san abin da take nema.

Masu kare tsarin da ake kai suna da hujjarsu. Farfesa ne ya ƙirƙiro tambayar bincike, shi ya nemo kuɗin, shi kuma zai amsa tuhuma idan sakamako ya zama na bogi, kuma shi ma albashinsa bai kai masa wata ba. Gaskiya ne, kuma ba kowane mai wanke kwalba ne ya cancanci a sa shi cikin marubuta ba. Amma tsakanin marubuci da wanda aka manta akwai fili mai faɗi. Manyan mujallun kimiyya da dama sun karɓi tsarin CRediT, wanda ya karkasa gudummawar bincike gida 14, har da tattara bayanai da samar da kayan aiki da tabbatar da ingancin sakamako. Jami'ar da ta wajabta wa malamanta bayyana wanda ya yi kowane ɓangare ba za ta kashe ko sisi ba.

Birtaniya ta gwada wata hanya. A 2017 aka ƙaddamar da yarjejeniyar Technician Commitment, inda jami'o'i ke sa hannu cewa za su fito da ma'aikatan fasaha fili, su yaba aikinsu, su buɗe musu matakan ƙarin girma, su kuma horar da magadansu. Jami'o'in Najeriya za su iya ɗaukar abin da ya dace da su. Kada a amince da sayen na'ura sai babban ma'aikacin fasaha na sashen ya sa hannu, kuma sai an ware kuɗin kula da ita tun a takardar saye. A ba su kujera mai ƙuri'a a kwamitocin bincike da na kare lafiya. A tanadi safar hannu da tabarau da na'urar zuƙe hayaƙin sinadarai a kasafin kowace shekara. A kuma buɗe hanyar kai ƙara wadda ba ta bi ta ofishin mutumin da ake ƙara ba.

Amfanin wannan ya wuce jin daɗin ma'aikaci. Likitan da zai karanta sakamakon jini, da mai harhaɗa magani, da injiniyan da zai auna tsabtar ruwan sha, duk a hannun ma'aikacin fasaha suka fara koyon awo. Idan ya gaji ya koma kamfanin mai ko ya yi ƙaura zuwa ƙasar waje, ƙwarewar shekaru ashirin ce ta fita daga sashen, kuma ba a samun madadinta da tallar gurbin aiki guda ɗaya. Idan kuma ya zauna ransa a ɓace, awo ne zai fara karkacewa, kuma wanda zai biya kuɗin kuskuren yana kwance a gadon asibiti bai ma san da zamansa ba.