Kafin a Sayar da Liyarin Kaka, a Duba Tambarinsa

Watan jiya an yi rabon gado a gidan maƙwabtanmu a Aboabo. A ƙasan akwatin tsohuwar aka tarar da ƙullin tsoffin kuɗi: kwabo mai huji, sulalla, da liyari uku na azurfa. Kafin sadakar arba'in, wani mai yawon sayen tsoffin kaya ya kwashe su a kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Ɗaya daga cikin liyaran nan yana da ƙaramin tambari da rubutun Larabci. Wai lahani ne, in ji mai sayen, har ya rage musu kuɗi a kansa.

Jama'a, a ganina mun yi sakaci.

Liyari shi ne kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Shekarar 1780 da ke jikinsa kada ta ruɗe ka. A shekarar ta rasu, aka ci gaba da buga shi da wannan lamba a Biyana, Landan, Rum da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi. Nauyinsa giram 28 ne, kusan giram 23 zallar azurfa. To ko ba komai, kada ka karɓi ƙasa da farashin azurfarsa.

Tambari kuwa iri-iri ne. Akwai na hukuma, kamar haruffan PM da Turawan Fotugal suka buga a Mozambik don kuɗin ya yi aiki a ƙasar. Irin wannan masu tara tsoffin kuɗi suna nemansa. Akwai masu ɗauke da sunan Hijaz ko Najadu da Larabci, amma masana sun daɗe suna gargaɗi cewa jabu ya yi yawa a cikinsu. Akwai kuma shaidar maƙeri da ya gwada azurfa, ko hujin da aka yi don sarƙar wuya. Waɗannan rage daraja suke yi a kasuwa.

Haka kwabo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na 8. Gaskiya ne bai shekara a kan mulki ba, amma an buga kwabon da yawa, ba zai gina maka gida ba.

Shawarata: kada a goge da toka ko lemun tsami, gogewa na kashe daraja. A auna, a ɗauki hoton gaba da baya, a tambayi mutum fiye da ɗaya. In kuwa akwai marayu cikin magada, sayarwa da ka cin amana ne.

Ni dai da za a bi tawa, a bar ko guda ɗaya a gida. Yaran ajina sun san sidi da fesuwa, amma ba su san kuɗin da kakanninsu fataken goro suka riƙe tsakanin Salaga da Kano ba.