Mai Motar Tsere da Aikin Ƙafa: Dalilin da ya sa ya dace ya riƙe sifana da kansa

A watan Fabrairun 1989, a bikin baje kolin motoci na birnin Chicago, kamfanin Mazda na ƙasar Japan ya fito da wata ’yar ƙaramar mota mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa. Sunanta MX-5, Amurkawa kuma suka san ta da Miata. Injinta lita 1.6 ne kacal, nauyinta bai cika tan ɗaya ba, kuma motocin iyali da yawa na yau za su wuce ta a miƙaƙƙen titi. Duk da haka, a watan Afrilun 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya a Hiroshima, kuma babu wata motar tsere mai kujera biyu da buɗaɗɗen rufi da aka taɓa saye kamarta.

Sirrin farin jininta yana ƙasa, a wurin da bakanikai ke kira ƙafar mota. Injiniyoyin da suka ƙera ta sun ɗauko wata tsohuwar magana ta mahayan Japan, “jinba ittai”, ma’ana doki da mahayi su zama abu guda, suka mayar da ita ma’aunin aikinsu. Yau na farkon cikin motocin nan sun haura shekara talatin. A Amurka da Ingila da Japan, da yawa daga cikin masu su, har da waɗanda ke da halin biyan kowane gareji, suna ɗaga su a farfajiyar gida ranar hutu, su kwanta a ƙarƙashi, su sauya shokazoba da bushin da hannunsu. Wasu na kallon wannan a matsayin ɓata lokaci, wasu kuma ganganci. Gaskiyar ita ce mutanen nan suna kan daidai, muddin sun san iyakarsu.

Abin da ƙafa take yi

Komai ƙarfin injin mota, wurare huɗu kawai take taɓa ƙasa, kuma kowannensu bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Burki da sitiyari da ƙarfin inji duk ta waɗannan wurare huɗu suke isa kwalta. Aikin ƙafa shi ne ta sa tayoyi su manne da titi a kowane hali.

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Amma sifirin shi kaɗai, idan rami ya danna shi, zai yi ta lilo sama da ƙasa. Shokazoba ce ke kashe wannan lilon: bututu ne mai cike da mai, ana tilasta wa man bi ta ƙananan ƙofofi, sai motsin ya koma zafi ya baje. Hannayen ƙarfe suna haɗa taya da jikin mota. Inda hannun ya haɗu da jiki akwai bushin na roba, inda ya haɗu da taya kuma akwai boljoyin, wanda ke juyawa kamar gaɓar kafaɗar mutum. MX-5 ta farko tana da hannaye biyu, na sama da na ƙasa, a kowace taya, gaba da baya. Wannan tsari yana riƙe taya kusan a tsaye ko da mota ta karkata a kwana, shi ya sa direba yake jin abin da titi ke ciki ta tafin hannunsa da kujerarsa.

Matsalar waɗannan kayayyaki ita ce ba sa mutuwa lokaci guda. Fanbel idan ya tsinke, kowa zai sani. Shokazoba kuwa raguwa take yi kaɗan kaɗan cikin shekaru, roba tana bushewa tana tsattsagewa, boljoyin yana fara wasa a cikin gidansa. Direban da ke hawa kullum yana sabawa da lalacewar yadda mai gida ke sabawa da ƙofar da ta karkace. Ba ya lura cewa motar ta fara dogon zango kafin ta tsaya idan an taka burki a titi mai gargada, ko tana jan gefe, ko gefen taya ɗaya yana cinyewa kafin sauran. A motar da aka saya don a ji daɗin kwana da gudu, wannan sabo yana iya zama ajali.

A nan hujja ta farko take. Bakanike yana ganin mota ne ranar da aka kawo ta, kuma abin da aka yi ƙorafi a kansa yake dubawa. Mai motar da ke cire taya da kansa sau biyu ko uku a shekara yana ganin damshin mai a jikin shokazoba tun yana sabo, yana ganin robar da ke rufe boljoyin ta yage kafin ƙasa ta shiga ta cinye ƙarfen. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai idan yana ɗaga kai.

Abin da masu suka ke faɗa

Masu suka suna da hujjoji masu nauyi, kuma bai kamata a raina su ba. Na farko suna cewa lokacin likita ko lauya ya fi tsadar kuɗin aikin bakanike. Wannan gaskiya ne idan lissafin kuɗi kawai ake yi. Aikin da gwani zai gama cikin awa uku yakan cinye wa ɗan koyo ranakun hutu biyu, musamman idan ya gamu da noti mai tsatsa da ya shekara ashirin bai motsa ba. Ga kuma kuɗin kayan aiki, wanda a karon farko yakan haɗiye duk rarar da ake fata. Wanda ya shiga wannan harka don tattalin kuɗi kaɗai zai fita da takaici.

Ribar tana wani wurin dabam. Wanda ya taɓa kwance hannun ƙasa ya mayar, ba a ƙara yi masa magana a dunƙule. Idan aka ce masa duk ƙafar gaba ta tafi, zai tambaya wane ɓangare, kuma zai gane amsar. Ya san bambancin ƙarar bushin da ta boljoyin, ya san cewa shokazoba bibbiyu ake sauya su, dama da hagu tare, domin sabuwa a gefe ɗaya da gajiyayya a ɗayan suna sa mota rashin daidaito. Irin wannan mutum ya fi zama abokin ciniki nagari ga bakanike mai gaskiya, kuma ya fi wahalar cuta a hannun marar gaskiya.

Hujja ta biyu ita ce haɗari, kuma ita ce mafi ƙarfi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sai dai haɗarin aikin ƙafa sananne ne, kuma ƙa’idojinsa ba su da yawa.

Ƙa’idojin da ba a ciniki a kansu

Ta farko, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak na ɗagawa ne, matokaran ƙarfe su ne na riƙewa, kuma a kan daɓe mai ƙarfi, da waigi a bayan tayoyin da ke ƙasa. Bulo yana farfashewa ba gargaɗi.

Ta biyu, sifirin da ke matse yana ɗauke da ƙarfin da zai iya karya muƙamuƙi ko ya kashe mutum. Wanda ya kwance notin saman shokazoba ba tare da ya kama sifirin da abin matse shi ba ya saki wannan ƙarfi gaba ɗaya a fuskarsa. Mai hankali, idan bai amince da kayan aikinsa ba, yakan cire shokazoba da sifirin a haɗe ya kai wa gwani ya raba su, ko ya sayi waɗanda aka riga aka haɗa.

Ta uku, kowane noti yana da adadin ƙarfin da masu ƙira suka ƙayyade a ɗaure shi da shi, kuma akwai sifana ta musamman mai auna wannan ƙarfi. Noti mai sanyin ɗauri yana kwancewa a hanya, wanda aka wuce da shi kuma yana miƙewa ya raunana har ya karye. Ɗaurin da ake yi da tsawon bututu da nauyin jiki ba awo ba ne.

Ta huɗu ita ce wadda ’yan koyo suka fi mantawa. Notukan da suka ratsa bushin na roba ba a yi musu ɗaurin ƙarshe sai nauyin mota ya sauka a kan ƙafarta. Roba manne take da ƙarfen da ke cikinta, murɗewa take yi idan hannu ya motsa. Idan aka ɗaure ta alhali taya na reto a sama, da zarar an sauke mota za ta zauna a murɗe, kuma sabon bushin zai yage cikin ɗan lokaci. Sai a zargi kaya, alhali laifin hannu ne.

Ta biyar, bayan an gama dole a kai mota wurin saitin tayoyi. MX-5 tana da kusoshi na musamman a hannayen ƙasa da ake juyawa don gyara tsayuwar taya, kuma kuskuren da ido ba zai gani ba ya isa ya cinye sabuwar taya ya kuma sa mota ta riƙa yawo a titi. A nan aikin gida yake ƙarewa, na’ura da gwani su karɓa.

Akwai kuma jarrabawar da ke kama masu motar tsere musamman: son a rage wa mota tsayi a kuma ƙara wa sifirin tauri don ta yi kama da ta filin gasa. A kan shimfiɗaɗɗen filin tsere wannan yana da amfani. A titin da ke da ramuka, ƙafa mai tauri fiye da kima tana sa taya tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta burki ba ta kwana. Haɗaɗɗun shokazoba masu arha da ake talla da launuka masu ɗaukar ido sukan fi na asali muni. Araha ba ta ado. Wanda ya mayar da motarsa yadda injiniyoyin Hiroshima suka tsara ta, da sababbin kaya masu inganci, sau da yawa yakan gano cewa abin da yake nema dama yana nan, tsufa ne ya ɓoye shi.

Wa ya mallaki ilimin mota

Wannan al’ada ba ta tsiro da kanta ba, rubutu ne ya raine ta. A 1965 wani jami’in sojan saman Birtaniya mai suna John Haynes, yana aiki a Aden, ya taimaka wa abokin aikinsa sake haɗa wata ƙaramar motar tsere ƙirar Austin-Healey Sprite. Ya lura cewa littafin kamfani an rubuta shi ne don ƙwararru, sai ya riƙa ɗaukar hoton kowane mataki yayin da suke kwancewa da haɗawa. A 1966 littafin ya fito, kuma daga shi aka samu jerin littattafan gyara da suka shiga miliyoyin gidaje. Yau bidiyon YouTube ya karɓi babban rabo na wannan aiki. Mazda ma ta fahimci darajar masu riƙe tsofaffin motocinta: a 2017 ta buɗe shirin sabunta MX-5 ta farko a Japan, ta kuma koma ƙera wasu kayayyakinta da aka daina.

Amma ƙofar tana ƙara ƙuntata. Motocin tsere na zamani da yawa suna da shokazoba da kwamfuta ke sarrafawa, kuma wasu gyare-gyaren ba sa kammala sai an haɗa mota da na’urar kamfani. Wannan ne ya sa masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka suka amince da dokar ’yancin gyara a 2012, suka kuma faɗaɗa ta a 2020 da rinjayen kusan kashi 75 cikin 100, don masu mota da ƙananan gareji su sami bayanan da mota ke aikawa ta iska. Ƙungiyar kamfanonin motoci ta garzaya kotu. Tambayar da ke ƙarƙashin shari’ar mai sauƙi ce: wanda ya biya kuɗin mota, shin ya mallaki damar sanin cikinta? Duk mai motar da ke gyara da kansa yana cikin waɗanda ke hana amsar ta zama a’a.

MX-5 ba mota ba ce da ake yawan gani a Kano ko Kaduna, kuma titunan da yawa ba za su yi wa ƙasa-ƙasanta adalci ba. Amma motocin da ke shigowa ta Kwatano da Legas sun riga sun yi shekaru a wata ƙasa, ƙafarsu ta gaji tun kafin ta fara cin ramuka. Duk mai bin hanya ya taɓa ganin mota ta durƙusa a tsakiyar titi, tayar gaba ta kwanta gefe saboda boljoyin ya fita. Wannan ba ya faruwa sai bayan makonni na ƙara da girgiza da aka yi biris da su. Ma’aikacin da zai karanta kwangila mai shafi hamsin layi bayan layi yakan aika yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo kayan da ran iyalinsa ke rataye a kai, ba tare da ya san sunansa ba, domin an koya masa cewa baƙin mai a hannu bai dace da mai digiri ba.

Barden da ya san doki yana ɗaga kofato ya duba da kansa ko da barga cike take da yara, kuma hakan bai taɓa rage masa daraja ba. Ba kowane mai mota ne zai sauya sifirin ba, ba kuma kowa ya kamata ya gwada ba. Amma cire taya, haska fitila, da girgiza ƙafa don jin ko akwai wasa, aikin rabin awa ne, kuma daga nan masu gyaran gida duka suka fara.