Layin Dogon Turawa Ba Don Mu Aka Shimfiɗa Shi Ba

Duk majalisar da aka ɗauko zancen jirgin ƙasa, sai ka ji ana sa wa Turawan mulkin mallaka albarka. Wai su suka buɗe Arewa, su suka mai da Kano birnin kasuwanci, ga dalar gyaɗa nan shaida. Matasa ma sun karɓi zancen, suna yaɗa hotunan dala a Facebook suna begen zamanin da ba su gani ba. Ni dai ban yarda ba.

A shimfiɗa taswira a duba. Layin da ya iso Kano a 1911 daga Baro ya taso, a bakin Kwara, aka kuma haɗe shi da na Legas. Na Zariya zuwa Jos, kuza ya je ɗaukowa. Reshen Ƙaura Namoda na 1929 da na Nguru na 1930, gyaɗa da auduga da fatu suka bi. Dukkansu teku suka sa a gaba. Babu layi ko ɗaya da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Katsina da Kano ya nufi Barno, hanyar da fatakenmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi. Sakkwato, cibiyar daula guda, har yau jirgi bai taɓa tsayawa a cikinta ba.

Kuma Kano ba a kwance jirgi ya same ta ba. Lokacin da wani Bature matafiyi mai suna Barth ya shigo birnin a 1851, tufafin da masaƙa da marinan Kano suka yi ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. Gari ne mai sarrafa kaya ya sayar. Da jirgi ya zo, taragun da suka sauka da gyaɗa su suka dawo da akoko da atamfar Ingila, ayarin Sahara ya yi ta ja da baya har ya mutu. Ga haraji ana karɓa da kuɗin Bature, dole masaƙi ya jingine ƙoshiya ya ɗauki fartanya.

Ita kanta gyaɗar ba dabarar Bature ba ce. Auduga yake so domin masaƙun Lankasha a Ingila. Manomi ne ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi riba, in shekara ta ɓaci kuma ya ci abarsa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka tsaya suka tattara ta. In akwai yabo, nasu ne.

Dalar da ake tutiya da ita fa? Buhuna ne aka jibge a fili, leburori na hawa da su a ka, saboda jirgi ya kasa kwashe su a kan kari. Su yi wata da watanni cikin rana da ƙwari suna jiran tarago, mafi yawansu a je Turai a matse mai, hukumar sayen amfanin gona kuwa ta biya manomi ƙasa da farashin duniya. Shi ya sa da farin farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, aka wayi gari fili ya koma fili, babu abin da ya rage a hannun mai gona.

Ina son jirgin ƙasa, kada a yi mini mummunar fahimta. Layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, tsohuwar hanyar kasuwancinmu ya bi, don haka ya cancanci a tsaya masa. Amma in ɗanyen riɗi da waken suya da fata za mu riƙa lodawa, tarago ya dawo mana da takalmi da man girki, to aikin 1911 muka maimaita da hannunmu. Gwamnonin Kano da Jigawa da Katsina, ku matsa a kammala layin nan, ku kuma tanadi fili da wutar lantarki don masana'antu a kowace tasha tun kafin jirgin farko ya yi jiniya.